Shebur Ɗin Maman Ladi

Ranar Asabar, ashirin da tara ga watan Mayun 1999, da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina zaune a ɗakin Maman Ladi na cusa hannuwana a tsakanin cinyoyina don kada wani ya ji warinsu. Shekaruna goma sha biyu a lokacin. Tun da hantsi yaran layinmu na Gyadi-Gyadi suka cika ɗakin maƙil, wasu a tabarma, wasu a bakin gado, ƙanana a cinyar yayyensu, duk mun zuba wa talabijin ɗinta marar kala ido muna kallon fareti. An yi sa'a ranar ba a ɗauke wuta ba. Maman Ladi tana ta shige da fice da kwanukan gwate, tana tsawata wa masu taɓa gilashin talabijin da yatsa, a waje kuma iyayenmu maza sun kewaye rediyo a dakalin Alhaji Uba suna gardamar abin da sabon zamani zai zo da shi. Kowa yana murna, ni kuwa hankalina ba ya wurin, domin da sassafen nan na aikata abin da ba a taɓa yi ba a layinmu, kuma matar da ke zuba mini ƙari a kwano ita ce zai fi cutarwa.

Layinmu gidaje tara ne a jere, a kan ɗan gangare da ba ka lura da shi sai ka ga ruwan wanki yana gudu. Kwata ɗaya ce ta ratsa ƙofar kowane gida, ta gangaro ta faɗa babban kwalbati a bakin titi. Gidan da ke can ƙasa, dab da kwalbatin, shi ne na Maman Ladi, malamar firamare 'yar Pankshin wadda mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, 'yarta Ladi kuma tana makarantar kwana. Mu ne muke bi mata, katangarmu ɗaya, sai gidan Alhaji Uba mai sayar da kayan gini a samanmu. Gidan Maman Ladi na haya ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, kuma daɓensa ya fi hanya zurfi, sai ka sauka taki biyu kafin ka shiga. Duk layin an san abin da mai gidan ya faɗa mata: ginin ya tsufa, ranar da bangon ɗakinta ya faɗi ba zai gyara ba, rushewa zai yi ya gina shaguna, ita kuma ta nemi wani wurin. Na sha jin tana faɗa wa Umma haka a tsakar gidanmu, tana dariya, tana cewa ita da bangon nan tare suke tsufa, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Saboda wannan bango ne aka samu al'adar shebur. Shebur ɗin na marigayi mijinta ne, mai ƙotar katako da ta yi santsi don riƙo, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Duk shekara, da zarar an fara ganin hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, sai Maman Ladi ta ɗaura tsohon zani, ta sa takalmin roba, ta yashe kwatar ƙofarta da kanta tun daga bakin kwalbati. In ta gama sai ta wanke shebur ɗin tas, ta jingine shi a ƙofar gidanmu. Ganinsa a ƙofarka shi ne sanarwa. Kwana ɗaya yake yi a kowane gida: ka yashe daga iyakar katangarka zuwa ɗaya iyakar, ka kwashe dattin ka kai bola, ka wanke shebur, ka jingine wa na samanka. Daga ƙasa ake farawa a yi sama, don in na sama ya fara, duk abin da ya tono na ƙasa zai tura wa. Ba a barin tarin taɓo a bakin kwata, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Mun taso mun ga soja suna tilasta wa mutane shara a Asabar ɗin ƙarshen wata, a hana fita, a sa wanda aka kama tsallen kwaɗo, amma shebur ɗin layinmu bai taɓa buƙatar bulala ba. Kunyar a ga ya kwana biyu a ƙofarka ta isa.

Gidanmu kuwa gidan 'yan mata ne, kuma ba a bari mun manta ba. Ni ce babba, ƙannena uku duk mata, ga ta biyar da Umma ta haifa mako biyu kafin wannan rana. Babanmu, Malam Inuwa, akawu ne a ma'aikatar gwamnati, siriri mai tabarau, kuma shi yake shiga kwatarmu da kansa duk shekara, ya naɗe wando har gwiwa, ni ina jigilar bokitin datti zuwa bola. Ba aikin ne na tsana ba. Abin da na tsana shi ne 'ya'yan Alhaji Uba, samari huɗu masu ƙarfi da rashin ta ido, waɗanda suke zama a dakali su jira na wuce da bokiti a ka, baƙin ruwa yana ɗiga mini a wuya, su ce, "A ba ɗan gidan Malam Inuwa hanya." Sau ɗaya na jefi ɗayansu da dutse, ni aka daka.

A wannan shekara shebur ya iso ƙofarmu da yammacin Juma'a, bayan Baba ya tafi ƙauye a gaggauce saboda an aiko cewa yayansa ba shi da lafiya. Layin yana da tanadi don irin haka: in maigida ba ya nan, a faɗa wa maƙwabci na sama, yaransa su yi, 'ya'yan gidan su yi jigilar datti. Umma tana jego, ba ta leƙa ko soro, sai ta ce da gari ya waye in je in gaida Alhaji Uba in gaya masa. Na kwana ina juya abin. Ke nan zan wuni ina ɗaukar bokiti a bayan samarin nan huɗu, babu ma Baba da zai harare su, alhali sauran yara suna ɗakin Maman Ladi suna kallon abin da aka ce ba a taɓa gani ba a rayuwarmu. Ga shi duk makon nan ina jin manya a bakin shago suna cewa soja sun tafi, dole ta ƙare, yanzu kowa ra'ayinsa zai bi. Ni dai na ɗauki maganar nan da gaske fiye da waɗanda suka faɗe ta.

Kwatar ƙofarmu a rufe take da manyan katakai guda biyar da Baba ya shimfiɗa don ya riƙa shigar da babur ɗinsa, saboda haka mai wucewa ba ya ganin cikinta. Da gari ya waye, kafin mutane su fito, na ɗauki shebur, na tsuguna a gefen katakon, na zura hannu na ɗebo baƙin taɓo na shafa masa ciki da baya har ƙota, don a ga alamar ya yi aiki. Na jingine shi a ƙofar Alhaji Uba, na dawo na ce wa Umma an yi an gama. Har na ji daɗin wayona. Sai da na zauna a gaban talabijin na tuna cewa a layinmu shebur ɗin da ya yi aiki a wanke ake miƙa shi, ni kuwa na miƙa shi ya fi kwatar datti. Da azahar na ji Alhaji Uba yana faɗa a dakali, yana cewa, "To, gidan Malam Inuwa sun riga kowa shiga mulkin farar hula, ko wanke shebur sun daina." Aka yi dariya. Ya ɗauka Baba ne ya yashe da asuba cikin sauri kafin ya kama hanya, ya sa yaransa suka wanke, suka yi nasu, shebur ya yi gaba.

Kwana biyar na yi ina kallon sama. Da, ni ce kan gaba wurin murnar hadari, mu fita mu yi ta tsalle muna kiran ruwa ya sauko. A wannan mako kuwa, ko a tsakiyar 'yar gala-gala muke, in iska ta kaɗa ganyen darbejiya sai in ɗaga kai sama, in taka layi a cinye ni. Na sha tsayawa a kan katakan nan ina leƙe ta tsaga, ina ganin leda da tsumma da ɓawon mangwaro sun cunkushe, ina cewa gobe zan faɗa. Goben ta ƙi zuwa. Kullum da safe Maman Ladi za ta wuce makaranta da jakar littattafai, ta taka katakan, ta ce, "Hadiza, yaya mai jego?" in amsa kaina a ƙasa.

Ranar Alhamis bayan la'asar hadarin ya taso, baƙi ƙirin, da iska mai sanyi da ba mu saba ji ba. Muna cikin kwashe shanya sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Ƙanƙara ce. Ban taɓa ganin ta sauko haka ba, ƙanana da manya, wasu sun kai goriba ƙarama, suna tsalle a tsakar gida, cikin ɗan lokaci ƙasa ta yi fari fat. Ƙannena suka kifa kwanuka a ka suka fita tsinta, suna tsotsa suna ihu, Umma tana kiransu daga ɗaki ba sa ji. Ni ma na tsinci biyu na sa a baki, don yaro yaro ne. Sai ƙanƙarar ta tsagaita, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, ni kuma na tuna da katakai.

Da na leƙa soro na ga abin da nake tsoro. Gidajen samanmu kusan duk sun yashe nasu, ruwa yana gangarowa da ƙarfinsa babu abin da ya tare shi, sai da ya iso ƙofarmu. Nan ya tsaya, ya kumbura, ya ɓullo ta tsakanin katakan, ya hau hanya, ya karkata ya nufi gindin bangon Maman Ladi. Kwatarta da ta yashe da hannunta tana nan kusan wayam, ruwan yana bi ta gefenta yana dukan bango yana sauka matakalar ɗakinta. Na hango ta a bakin ƙofa da tsintsiya da daro, ita kaɗai, ruwa ya kai mata idon sawu, tana kallon kwata tana kallon bango, ta kasa gane ta inda abin ya fito. Na kama katako ɗaya na ja, ko motsi bai yi ba. Sai na kwasa da gudu na faɗa soron Alhaji Uba, inda yake zaune da 'ya'yansa suna kallon ruwa, na tsaya a gabansu a jiƙe sharkaf na ce, "Baba Alhaji, ba a yashe tamu ba. Baba ba ya nan. Ni na kawo shebur ɗin ba a yi ba."

Ya dube ni sau ɗaya, ya tuɓe babbar rigarsa ya yar a kan tabarma, ya ce wa ƙaramin ya ruga gidan da shebur yake, sauran su biyo shi. Mutumin da ko ƙofar shagonsa ba shi yake buɗewa ba, ranar na gan shi da singileti a cikin ruwa yana cicciɓar katako. Da aka ɗaga su sai ga abin da ya toshe: dattin shekara guda, a kansa ganyen darbejiya da ƙanƙara ta kakkaɓo, a kan ganyen kuma ƙanƙarar kanta, wadda ruwa ya sharo daga duk layin ya tara ta a nan ta dunƙule kamar tarin tsakuwa. Shebur bai iso ba tukuna. Ban san lokacin da na faɗa cikin kwatar ba, na fara tona da hannu ina watsowa waje. Ashe sanyi ma yana ƙuna. Yatsuna suka sandare, na daina jinsu, kwalba ta yanke ni ban sani ba sai da na ga jini. Babban ɗan Alhaji, wanda na taɓa jifa, ya diro kusa da ni yana tona shi ma, kuma ranar bai kira ni ɗan gidan kowa ba.

Kafin shebur ya iso layin duk ya fito. Maza suna kwasa da manjagara da murfin tukunya da duk abin da hannu ya samu, Alhaji ya sa aka jido buhunan yashi daga soronsa aka jera a gindin bangon, mata suka yi layi daga ɗakin Maman Ladi zuwa waje suna miƙa bokiti hannu da hannu. A cikin layin nan na hango Umma, wadda ba ta taka ƙofar gida ba tun da ta haihu, ta goya wa ƙanwata jaririyar, ta yafa mayafi, tana kwarfar ruwa. Wannan ya fi yankan kwalbar yi mini ciwo. Can sai kwatar ta yi wani irin gurnani, toshiyar ta ɓalle, baƙin ruwa da farar ƙanƙara suka kwarara kwalbati gaba ɗaya, ruwan hanya ya fara janyewa. Aka tsaya ana kallon bangon. Ya sha ruwa har gwiwa, simintin ƙasa ya ɓantale ya bar jar ƙasa a fili, amma yana tsaye.

Da ruwa ya ɗauke, Maman Ladi ta kira ni ɗakinta. Tabarmi duk sun jiƙe, an ɗora talabijin a kan gado, littattafan 'yan ajinta an baza su a kan akwati. Na tsaya ina jiran faɗa, har na fi son a dake ni. Ta zaunar da ni, ta kama hannuwana ta tsoma a ruwan ɗumi, ta ce a garinsu sun saba da ƙanƙara, ba a kai sandararren hannu kusa da wuta. Tana ɗaure mini yankan ta ce, "Tun Asabar Alhaji ya kawo mini ƙarar taɓon nan. Na ce gidan Malam Inuwa ba sa haka, amma ban ɗaga katako na duba ba. Rabin laifin nawa ne, ki riƙe rabi." Nan na fashe da kukan da na yi kwana biyar ina haɗiyewa, na ce mata na ɗauka za a kore ta saboda ni. Ta ce ita ma ta ɗauka, sannan ta tura mini kofin shayi.

Baba ya dawo washegari. Ya ji labari daga bakin Umma, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya fita duba bangon. Kwana uku ana jiran bangon ya sha iska, kowa ya wuce sai ya ɗan dafa shi ya ji. Da ya bushe, Baba da Alhaji Uba suka cike gindinsa suka shafe da sabon siminti tun kafin mai gidan ya zo zagaye, ni ce mai ɗebo ruwan kwaɓi. Sabon shafen bai taɓa zama launi ɗaya da tsohon ba. Shekara da shekaru ina wucewa ina ganin iyakar inda ruwan ya kai.

Da damina ta zagayo, Maman Ladi ta yashe kwatarta, ta wanke shebur, amma ba ta jingine shi a ƙofarmu ba. Ta yi sallama ta shigo har tsakar gida ta damƙa mini shi a hannu, ta ce daga yau ni ce mai kai shi gida gida, kuma kada in karɓe shi daga kowa sai na leƙa ƙarƙashin katakonsa. "Ɓarawon da ya tuba ya fi kowa sanin ta inda ake haurawa," in ji Alhaji Uba da ya ji, kuma shi na fara kamawa da tarin taɓo a bakin kwata. Shekara shida ina wannan aiki, 'ya'yansa suka koma kirana Sufeto, sunan da har yau wasu a Gyadi-Gyadi ba su san ni da wani ba. Maman Ladi ta zauna a ɗakin nan har ta yi ritaya. Ranar da motar kayanta za ta tashi zuwa Pankshin, ta sa aka sauko da shebur ɗin daga saman kaya, ta damƙa mini, ta ce shi ɗan Kano ne, ba zai iya sanyin can ba.

Yanzu ina aure a Darmanawa, a layin da katangu suka fi mutum biyu tsawo, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Kwatarmu ta siminti ce, ta fi ta Gyadi-Gyadi faɗi da kyau, kuma cike take da ledar ruwa da robobi. In an yi ruwa hanya ta cika, sai mu ɗauki hoto a waya mu tura wa juna, mu zagi gwamnati, mu jira. Baba da Alhaji Uba duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, inda ɗakin Maman Ladi yake kuma shagunan nan ne a jere. Ita tana nan da ranta, in mun yi waya ba ta tambayar 'ya'yana sai ta fara tambayar ko hadari ya fara haɗuwa.

Bara na fito da shebur ɗin daga ɗakin ajiya, na sake masa jan ƙyalle. Gidana ne na ƙasa a layin, saboda haka ni da 'ya'yana muka yashe ƙofarmu, na wanke shi tas, na kai shi da kaina na jingine a ƙofar maƙwabcinmu na sama, na dawo ina jin wani daɗi kamar na yarinya. Ba a yi awa ɗaya ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar maƙwabcin ce, da ladabinta, riƙe da shi da hannu biyu, ta ce, "Anti, wai an ga kamar naku ne, kun manta shi a ƙofarmu." Na karɓa na yi mata godiya, na ce ta gaida mamanta. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, ina kewar layin da shebur a bakin ƙofa ya ishi mutum magana.